Amsar Gwaggo Kan Abincin Kirsimeti da Naman Sallah

'Yata, saƙonki ya iso ni. Kin ce a zauren WhatsApp na matasan cocinku a Samaru wasu na cewa bai kamata mai bi ya ci naman layya ba, kai wa maƙwabta Musulmi abincin Kirsimeti kuma tsohon yayi ne, gara a tura musu aya ta waya. Kina son jin abin da muka taso muka tarar.

Mu Hausawa ne, a Wusasa aka binne cibiyarmu. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zazzau tun 1905, sai a 1929 mishan ta dawo nan. In kin zo ki ƙara duban cocin St. Bartholomew da kyau, ginin ƙasa ne irin na maginan Zazzau, a kan tabarma iyayenmu suka yi sujada a ciki, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Da yawansu 'yan'uwansu na jini Musulmi ne, ba su kuwa yanke zumunci ba.

Jajiberin Kirsimeti kakanki kan kira mahauci Musulmi ya yanka mana akuya, don maƙwabci ya ci hankali kwance. Da sassafe Inna ta jera kwanonin samira, shinkafa da miya, cincin a gefe. Ni ake ɗora wa a ka. A ba ni tukuicin taro ko sisi, kwanon kuma ba ya dawowa fanko, ko gyaɗa ce sai an zuba. Da Babbar Sallah su ma su aiko da soyayyen nama, mu yi addu'a mu ci.

Ki karanta 1 Korintiyawa 10 da Romawa 14 da kanki, a natse. Ni ina ci, zuciyata ba ta taɓa hana ni ba. In taki ba ta kwanta ba, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ba wani. Mayar da kwano kam cin fuska ne, kada ki kuskura.

Maganar bishara ta waya, ban hana ba. Amma musun da nake gani a Facebook yana ɓata mini rai, zagi ake yi da sunan Ubangiji. Akwai wata baiwar Allah da na yi shekara 20 ina kai wa abinci ban taɓa yi mata wa'azi ba. Ranar da ɗanta ke kwance a asibitin Shika ta kira ni cikin dare, ta ce in yi masa addu'a. A kan bencin nan na asibiti ta tambaye ni abin da na dogara gare shi, na gaya mata labarin Yesu Almasihu, ta saurara har ƙarshe. Har yau tana sallarta, har yau ƙawata ce, ina kuma sa ta a addu'a kullum.

Bana ki zo tun ranar 24, ki taho da kula biyu. Gwiwata ta daina kai ni birni, ke za ki kai wa ƙawar nan tawa. Ki gai da babanki.