Tambaya da Amsa: Sifikar Situdiyo da Gyaran Sautin Ɗaki a Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kiɗa ina ɗaukar muryar mawaƙa a ɗakina mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 12, ƙasa tayil ne. Da sifikar kallon fim nake aiki. A ɗaki aikin yana daɗi, amma da na saka shi a mota sai bes ya danne murya. Na tara ɗan kuɗi, abokai sun ce in sayi monita, wato sifikar situdiyo, mai inci 8. Me za ka ce? Mai karatu daga Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi mai inci 8. Ɗakinka ba zai iya ɗaukar bes ɗinta ba, kuma rabin matsalarka ma a ɗakin take, ba a sifika ba.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Ƙafa 12 mita 3.66 ne, saboda haka sautin bes mai kusan Hz 47 (wato yana kaɗawa sau 47 a daƙiƙa), da ninkinsa mai 94, yana kai komo tsakanin bango da bango, ya taru a wani wuri ya ɓace a wani. Da yake tsawon ɗakinka da faɗinsa ɗaya ne, abin ya ninku. A jikin bango da kusurwa bes ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki kuwa na 47 ɗin kusan babu shi. Idan kujerarka tana tsakiya, kunnenka zai ce bes ya yi kaɗan, ka ƙara, shi ne yake fitowa a mota ya binne mawaƙin. Kunna kiɗa ka zagaya ɗakin a hankali, za ka ji da kunnenka.

Monita mai inci 5 ta ishe ka. Yamaha HS5, JBL 305P MkII, KRK Rokit 5 da PreSonus Eris E5 duk sanannu ne, kowacce da amfilifayarta a ciki. KRK da Eris ramin iskarsu a gaba yake, sun fi sauƙin matsawa kusa da bango. Yamaha da JBL nasu a baya yake, sai ka bar aƙalla santimita 10 zuwa 15, ka rage bes da makunnin da ke bayansu. A HS5 makunnin yana rage dB 2 ko 4 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Sifikar fim an yi ta ne ta ƙawata sauti, monita kuwa aikinta ta tona aibin aikinka, don haka kada ka karaya idan a makon farko ka ji ta bushe.

Zaman sifika ba ya cin ko kwabo, amma shi mutane suka fi wasa da shi. Teburinka ya fuskanci bango, daidai tsakanin hagu da dama. Kanka ya kasance kusan mita 1.4 daga bangon gaba, wato wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin. Tsakanin sifikun biyu mita 1 zuwa 1.2, daga kowacce zuwa kunnenka ma haka, kowacce ta ɗan juyo ta dube ka, ƙaramar sifikar sama tana daidai kunne. Guji barin fuskar sifika santimita 85 daga bango: sautin da ya dawo daga baya zai kashe na Hz 100, inda jikin bes da ganga yake. Kada ka ajiye su a kan tebur kai tsaye, teburin zai riƙa rawa tare da su. Bulo biyu da soso mai tauri a kai sun fi haka.

Shawarata, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ka ware wa ɗakin.

TAMBAYA: Malam, ina ɗaukar karatu da tallan rediyo a gida. An ce in manna kiret ɗin ƙwai a bango. Na yi, amma muryar tana nan kamar daga cikin rijiya, kuma janaretan maƙwabta yana shiga. Wata mai karatu daga Idi-Araba.

AMSA: 'Yar'uwa, cire kiret ɗin nan tun yau. Kwali ne siriri, ba ya shan sauti, yana tara kyankyasai, kuma da wuta ta taɓa shi shi ke nan. Siririn soson nan mai tudu-tudu ma sautin sama kawai yake sha, ya bar na ƙasa yana yawo, shi ya sa ɗaki yake daɗa toshewa. Abin da ke shan sauti shi ne kauri da ƙofofin da iska ke ratsawa.

Nemi rockwool, wato audugar dutse mai shan sauti, a wurin masu kayan rufi da na sanyaya ɗaki, mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita kubik. Yawanci falle ne mai santimita 60 da 120, kauri 5. Kafinta ya buga firam daidai girman, zurfin santimita 10, a haɗa falle biyu a ciki, a lulluɓe da yadi. Gwada yadin da baki: idan kin hura iska ta ratsa, ya yi, leda da fata ba su yi ba. Mai yankan ya sa safar hannu da takunkumi, domin ƙurarsa tana ƙaiƙayi. A rataye da tazarar santimita 5 zuwa 10 daga bango. Tazarar tana ƙara masa shan sautin ƙasa, kuma a danshin Legas, musamman lokacin damina, ita ce ke hana fumfuna cin bayan yadin. A shafa wa katakon maganin gara kafin a buga.

Guda shida sun isa farawa. Zauna a kujerarki, wani ya ja madubi a jikin bangon gefe. Duk inda kika hango sifika a madubin, nan za a rataye ɗaya, hagu da dama. Ɗaya a silin saman tebur, biyu a gicciye a kusurwoyin gaba, ɗaya a bayanki, domin makirfo yana ɗauko abin da bangon baya ya maido. Shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil. Tafa hannu sau ɗaya kafin aikin da bayansa, za ki ji amsa-kuwwar ta gajarta.

Janareta kuwa wani babi ne. Waɗannan allunan suna gyara sautin cikin ɗaki, ba sa hana na waje shigowa. Wannan sai nauyi da toshe kafa. A liƙa roba a gefen ƙofa da ƙasanta, a rufe taga da katako mai kauri lokacin ɗauka, ki matso makirfo kusa da baki kamar taƙi ɗaya ki rage ƙarfin ɗaukarsa. Sauran kuma ki zaɓi sa'ar da unguwa ta yi shiru.

TAMBAYA: Zan je Alaba in sayi monita tokunbo. Me zan duba? Mai karatu daga Mile 12.

AMSA: Fara da bayanta. Wutarmu volt 230 ce. Wadda aka yi don Amurka 120 take ci, idan ba an rubuta 100–240V ba, ana jona ta za ta ƙone. Sifikun biyu, ta hagu da ta dama, su zama samfuri ɗaya. Tafi da waya mai manhajar gwajin sauti, ka ja daga Hz 40 zuwa sama a hankali. Karkarwa ko ƙirƙir alamar an taɓa ƙona ta ce ko wani abu ya saki. Rufe babbar sifikar ƙasa da ke jikin monitar da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ka kasa kunne ko ƙaramar ta sama tana magana. Bar ta a kunne minti 15, wasu sai sun ɗau zafi suke fara tsaki.

A gida ka haɗa ta da wayar sauti mai kan XLR ko TRS, ba mai kan RCA ba, ita da kwamfuta su ci daga soket ɗaya don kauce wa gurnanin wuta. Sa sitabilaiza. Monitar za ka kunna ƙarshe, ita za ka fara kashewa, kuma ka kashe ta kafin a juya wuta zuwa janareta.