Amsa: Me malaman falsafar Yahudawa na da suke nufi da "sani"?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masanan Yahudawa na zamanin da suna da wani bayani kan yadda hankali ke kama abin da ido ba ya gani. Suna da shi, kuma da Larabci suka rubuta mafi yawansa.

Na shafe shekaru ina koyar da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma wanda ya fi ba ni wahala a cikinsu shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204. Littafinsa Dalalatul Ha'irin ya rubuta shi wajen 1190, harshe Larabci, haruffa kuwa na Ibrananci. Bugun da ke hannuna an mayar da shi haruffan Larabci, duk gefensa ya sha fensir.

A wurinsa sani shi ne tajridi, wato hankali ya tuɓe wa abu jikinsa ya riƙe surarsa kaɗai. Da guntun itace ya buga misali: kafin ka fahimce shi, saninka yana nan kamar wuta a cikin ashana. Da zarar ka cire haƙiƙar itacen daga wannan katako, to mai sani da sani da abin da aka sani sun zama abu guda. Daga Aristo, masanin falsafar Girka, ya ɗauko wannan ra'ayi ta hannun Farabi, masanin falsafar Musulmi, wanda yake matuƙar girmamawa.

Inda ɗalibaina ke tuntuɓe shi ne bambanta hankali da hayali. Hayali zai iya haɗa maka mutum mai kan doki da fukafukai, amma ba ya rabuwa da tsawo da faɗi da launi. Shi ya sa da aka zo kan Ubangiji ya ce ba a saninsa sai ta hanyar korewa, wato faɗin abin da ba shi ba ne. Misalinsa jirgin ruwa ne: mutum ya ji sunansa bai taɓa ganinsa ba, aka ce masa ba dabba ba ne, ba tsiro ba ne, ba dunƙulalle ba ne. Kowane "ba" yana matso da shi kusa. Wanda ya karanta sifofin salbiyya, masu kore wa Ubangiji abin da bai dace da shi ba, a zaure zai ji kamar ya san hanyar, sai dai shi Ibn Maimun ya zarce inda malamanmu suka tsaya, don ko ilimi da ƙudura bai yarda a ɗauke su sifofi tabbatattu ba.

Idan farawa za ka yi, fara da Sa'idu al-Fayyumi na Bagadaza. Littafinsa na 933 ya kasa hanyoyin sani huɗu: gaɓɓan ji da gani, hankali, istidlali (ciro hukunci daga hujja) da ingantaccen labari. Ya fi sauƙin haɗiya nesa ba kusa ba.