Kada ki ƙwace mata, ki zauna ku karanta tare

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce 'yarki mai shekara 16 ba ta ɗaga kai daga littattafan Hausa a waya, babanta ya ce a hana ta don suna ɓata tarbiyya, kina neman shawara. Wannan zargin ya girmi 'yar taki. Da shi muka tashi, har a 2007 hukumar gyaran tarbiyya ta gwamnatin jiha, A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafai a Kano, amma mata ba su fasa rubutu ba, ba su fasa karatu ba.

Ina 'yan mata hayar littattafai nake karɓowa a wani shago a bakin layinmu. Akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta yi boko ba, idan ta gama aikin rana sai ta aiko a kira ni, ta zauna tana tsintar shinkafa a faifai ina karanta mata. Ranar da muka ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, muka kai inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, sai na ji faifan ya tsaya. Na ɗaga kai na ga hawaye. Ta ce, "Wa ya ba matar nan labarina?" Shekara da shekaru tana cikin wannan hali, kowa haƙuri yake ba ta, ba wanda ya taɓa ce mata an zalunce ta sai littafi. Ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, a ajin yaƙi da jahilci ta dawo ta kama karatu. Ta san abin da take faɗa.

Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba soyayyar da ake ta surutu a kanta ba ce. Ki lura da wanda ake ɗora wa mugunta. Kusan kullum mace ce: kishiya mai bin bokaye, uwar miji mai baƙar zuciya, dangin miji mata. Namijin da ya tara su, ya kasa yin adalci, sai a ce asiri aka yi masa, ba ya cikin hayyacinsa. A ƙarshe asiri ya karye, ya zubar da hawaye, a yafe. Mace tagari kuwa aikinta kuka da haƙuri har shafin ƙarshe. Ko Rabi, da ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, sai da aka matsa mata ta koma.

Tun a tatsuniya muka sha wannan. Kakata idan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", rabin labaranta na 'yar bora da 'yar mowa ne. Sai da na girma na fahimci ita ma bora ce a gidan kakanmu, damuwarta take juye mana. Duk da haka ban taɓa jin ta tambayi ina uban gidan yake ba lokacin da ake gallaza wa 'yar bora. Finafinanmu ma sun gaji wannan shirun.

Yanzu akwai masu sauya salo. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016 muke jin labarai kan fyaɗe, auren dole da zaman sansanin gudun hijira. A waya kuma akwai na batsa tsagwaro, wannan kam baban 'yarki yana da gaskiya, ki sa ido sosai.

Ni da tawa 'yar, idan mun gama littafi nakan tambaye ta, "Da ke ce matar nan, me za ki yi?" Kwanaki ta ce mini, "Mama, me ya sa ba ta gaya wa kowa ba tun farko?" A kan wannan tambayar muka raba dare muna hira, har ta gaya mini wani abu da ke damun ta a makaranta wanda ban sani ba.