Gasar girki a ajin Turanci: ta ina malama za ta fara?

Tambaya: Ni 'yar Kano ce, ina koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati da ke lardin Khon Kaen, a arewa maso gabashin ƙasar Tailan. Shugabar sashenmu ta ɗora mini shirya gasar girki ga ɗalibai 40 'yan aji uku, a lokacin sansanin Turanci da makarantar ke yi kowace shekara. An ba ni awa uku da ɗan kuɗi kaɗan, ga shi yarensu bai zauna mini a baki ba, sannan ina fargabar a girka abin da ba zan iya ɗanɗanawa ba a matsayina na Musulma. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da sanin cewa yaran za su ji daɗin gasar ko kin shirya ta da kyau ko ba ki shirya ba, domin ɗan shekara 14 ko 15 da aka fitar daga aji aka miƙa masa turmi ba ya buƙatar wani lallami. Abin tsoron shi ne awa ukun nan su wuce ana daka, ana dariya, ana gardama da Tailanci ko da yaren Isan na yankin, wanda ya fi kusa da harshen Lawos, ke kuwa ba ki ji jimlar Turanci ko ɗaya ba sai ta gaisuwa. Saboda haka duk shirinki ya tafi a kan abu guda: kada yaro ya samu komai a wannan rana, daga barkono har maki, sai ya nema da Turanci.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ki buɗe kasuwa a cikin makarantar. Kada ki raba kayan girki a kan teburan ɗalibai. Ki jera su a teburi ɗaya, ki liƙa wa kowanne suna da farashi da Turanci, ki ba kowace ƙungiya kuɗin takarda na wasa, misali baht 100 (baht shi ne kuɗin ƙasar), ki zama mai tireda ke da malama ɗaya ko biyu. Yarinya ta zo ta nuna lemun tsami da yatsa tana murmushi, ke ma ki yi mata murmushi, amma hannunki kada ya motsa sai ta faɗi sunansa, ta faɗi guda nawa take so, ta tambayi kuɗinsa. A nan ne bambancin how much da how many, wanda kika sha rubutawa a allo bai shiga ba, zai shiga cikin minti biyar, domin tumatir ana ƙirga shi, sukari kuwa sai dai a auna. Ki bar su su yi ciniki ma idan sun iya, Bakanuwa ai ba za a koya mata wannan ba.

Game da abin da za a girka, shawarata ita ce ki guji wuta baki ɗaya, musamman tunda wannan ne karonki na farko. Yara 40 da tukunyar gas takwas da tafasasshen mai sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Kin yi sa'a kina yankin da ya shahara da som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake yi ba tare da an hura wuta ba. Ana daka tafarnuwa da barkono a turmin yumɓu da 'yar taɓaryar katako, a zuba koren wake mai tsawo da tumatir, a sa sukarin giginya ko na kwakwa, a matsa lemun tsami, a ɗiga ruwan gishirin kifi da suke kira nam pla, sannan a zuba gwandar da aka kankare siri-siri a riƙa bubbugawa ana juyawa da cokali. Kusan kowane yaro a ajinki ya taɓa ganin ana yin sa, don haka ba girkin za ki koya musu ba, sun ma fi ki iyawa, kuma wannan ne amfaninsa: hankalinsu zai koma kan yadda za su bayyana miki abin da suka sani. Gwandar dai a kankare ta tun da safe, ko a sayo kankararriya a kasuwa, don kada wuƙa ta shiga hannun kowa.

Mako biyu kafin ranar, ki koyar da kalmomin aikatau bakwai ko takwas kawai, irin su wanke, yanka, daka, matsa, zuba, gauraya da ɗanɗana, tare da kalmomin jeranta aiki da na ɗanɗano, wato tsami, zaƙi, gishiri da yaji. Ki raba su ƙungiya takwas, mutum biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai cefane, masu daka biyu, mai rubuta yadda aka yi girkin, da mai tsafta. Ke za ki yi rabon da kanki, in ba haka ba masu ƙoƙarin ajin za su taru wuri ɗaya. Lokacin gabatarwa kuma kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin sai ya faɗi aƙalla jimla biyu, don kada a tura yarinyar nan guda da kullum ake turawa.

Rabon maki shi ne zai nuna wa yaran abin da kike nufi da gaske. Ni da zan ba cefane 30, gabatarwa 30, rubutun girki 15, tsafta 10, ɗanɗano 15, in kuma liƙa wannan rabo a bango tun kafin ranar. Alƙalan ɗanɗano su zama malamai 'yan ƙasar, domin harshensu ne ya san som tam mai kyau, ke kuma ki riƙe makin magana. Minti 30 ya isa kasuwa, 45 girki, 40 gabatarwa, ragowar kuma na ci da wanke-wanke da kyauta.

Wannan rabon aiki ya rage miki rabin damuwarki ta halak. Sauran rabin kuwa yana hannunki tunda ke ce mai kasuwa, abin da ba ki sayo ba ba zai shiga turmi ba. Naman alade ya yawaita a abincin ƙasar, amma som tam na yau da kullum ba ya buƙatarsa, kuma kifi da jatan lande ba matsala ba ne a mazhabar Malikiyya. Kayan kwalba ki duba tambarin halak na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan a jikinsu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gyaɗa da busasshen jatan lande da ake sawa a wani nau'in som tam, domin akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarsu, har numfashi ya kan sarƙe. Ki roƙi abokiyar aikinki ta rubuta wa iyaye takarda da Tailanci, a tambaye su, a kuma karɓi amsa a rubuce.

Wajen sanar da sakamako ki yi hattara, domin mutanen Tailan suna ɗaukar kunyata mutum a bainar jama'a da nauyi ƙwarai. Ki faɗi na ɗaya zuwa na uku, sauran ƙungiyoyi biyar kuma ki ƙirƙiro wa kowacce lambar yabonta, kamar mafi iya ciniki ko mafi tsaftar teburi, kada a ji wanda ya zo na ƙarshe. Takardun girkin da suka rubuta ki tattara su ki adana, ki gyara kurakuran da fensir, su za ki yi darasin makon da ke biye da su.