Shafin Riƙon Karnuka: Inda Za Ka Sauƙaƙa da Inda Za Ka Ja Birki

Yarona, ka tambaye ni me ya sa na ce ka cire babban maɓallin nan da ka rubuta wa "Ɗauki wannan kare yanzu", alhali kullum ni ne nake ce maka a sauƙaƙa wa mai amfani da shafin intanet. Tambayarka tana kan hanya, kuma zanen da ka yi ba laifi, launuka sun zauna, rubutu ya fito. Sai dai ka tsara shi kamar shafin sayar da kaya, wanda nasararsa ita ce mutum ya danna, ya biya, ya tafi abinsa. Kare kuwa rai ne. Yawancinsu sukan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, ƙananan ma sukan wuce haka. Duk wanda ya danna maɓallin nan alkawarin shekaru ya ɗauka. In ɗoki ya kwashe shi ya karɓa, bayan wata guda ya dawo da karen don maƙwabta sun hana shi sakat saboda haushi, to shafinmu ya gaza, ko da ranar farko an rubuta mana ita a cikin nasarori. Su masu gidan kula da karnukan da ke jiran mai riƙo, waɗanda muke yi wa shafin, burinsu kare ya fita ya zauna inda ya je. Da wannan za ka auna duk abin da ka sa a allo.

Fara da tambayar kanka wane ne zai buɗe shafin. Mutumin birni ne. Mai yiwuwa a gidan haya yake, a hawa na huɗu, ba fili ba tsakar gida, bango ɗaya ya raba shi da maƙwabcinsa. Yakan fita aiki da safe, ba ya dawowa sai yamma. Da waya zai duba shafin, da hannu ɗaya, wataƙila yana tsaye cikin jirgin ƙasa ko bas. Wannan mutumin, me zai yi da akwatunan tacewa da ka jera masa, na launin gashi da sunan jinsi? Launi ba ya gaya masa ko karen zai iya zama shi kaɗai awa takwas. Sunan jinsi ma yawancin masu zuwa ba su san shi ba, kuma da yawa daga karnukan irin waɗannan gidaje ruwa biyu ne.

Saboda haka ka juya tambayoyin su koma kan rayuwar mutum. Wane irin gida kake zaune? Awa nawa kare zai zauna ba kowa? Akwai yara ƙanana? Akwai kyanwa ko wani kare? Minti nawa za ka iya ba shi na yawo a rana? Mai gidan da kake haya ya yarda a ajiye dabba? Ta ƙarshen nan kada ka yi wasa da ita, domin ƙin yardar mai gida da sauyin wurin zama suna cikin dalilan da aka saba ji in an dawo da kare. Ka duba Petfinder, shafin neman dabbar riƙo wanda aka kafa a Amurka tun 1996, za ka ga yana barin mutum ya tace da nisan wuri, da kuma ko karen yana shiri da yara, da kyanwa, da sauran karnuka. Sun daɗe a harkar, ka koya daga gare su, amma ka ƙara abin da zaman bene yake bukata.

Wani abu da zai ba ka mamaki: girman kare ba shi ne ma'aunin dacewarsa da ɗaki ba. Greyhound dogo ne, karen tsere, amma da ya sami ɗan yawonsa sai ya miƙe ƙafa ya wuni yana barci. Jack Russell ɗan mitsitsi ne, amma in ka kulle shi a ɗaki ba abin yi, kafin ka dawo ya yaga maka matashin kujera. In ka ba mutum zaɓin "ƙarami, matsakaici, babba" kawai, kai da kanka ka tura shi ga kuskure. Sa masa ma'aunin kuzari da na yawan haushi kusa da na girma, kuma ka rubuta su da maganar da kowa zai gane: "yana son yawo mai tsawo sau biyu a rana" ya fi "kuzari: 4".

Shafin kowane kare shi ne zuciyar aikin, a nan nake so ka ɓata lokaci. Hoton farko a ɗauke shi daidai idon karen, mai hoto ya durƙusa, da hasken rana, ba ta bayan raga ko ƙarfen keji ba. Karen da aka ɗauka daga sama cikin keji yakan fito a tsorace ko da lafiyayye ne mai wasa. Hoto na biyu ya nuna shi tsaye kusa da mutum don a ga ainihin girmansa. In akwai bidiyo na daƙiƙa ashirin yana tafiya da igiya a bakin titi, motoci na wucewa, wannan ya fi dogon bayani amfani ga ɗan birni. Baƙaƙen karnuka suna da wuyar ɗauka, fuskarsu takan ɓace a hoto, don haka ka rubuta wa ma'aikatan gidan 'yar takarda kan yadda za su nemi haske da bango mai fari-fari.

Sai bayani. A nan za a matsa maka ka ƙawata, kada ka yarda. In kare yana tsoron lifta, a rubuta. In yana kuka da an bar shi shi kaɗai, a rubuta. In ya taɓa cizo, wannan dole ne a faɗa, kuma a sama, ba a ƙasan shafi da ƙananan haruffa ba. Ka tsara fom ɗin da ma'aikata za su cika ta yadda gurbin "abin da yake yi masa wuya" ba ya tsallakuwa. Gaskiyar nan za ta kori wasu, na sani, amma waɗanda ta kora su ne da ma za su dawo da shi. Wanda ya karanta ya ce duk da haka yana so, shi ne mai riƙon ƙwarai.

Lafiya ma a ba ta gurbinta a fili: ranar rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, ko an yi masa aikin hana haihuwa, ko an sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambobi 15, wadda a Ingila doka ta wajabta wa karnuka tun 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na ciwon hauka da ke kama mutane daga kare ake ɗaukarsa. Mai yara a gida yana da haƙƙin ganin ranar allurar nan ba tare da ya nema ba.

Maganar fasaha ka riga ka san yawancinta, tuni kawai zan yi maka. Zana na waya tukuna, na kwamfuta ya biyo baya. Maɓalli, a faɗi da tsawo, kada ya gaza ma'aunin allo 44 da Apple ya ba da shawara, ko 48 na Google, don babban yatsa ya same shi. Bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1 kamar yadda ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, ta tanada, kowane hoto kuma a rubuta masa bayani don makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Matse hotunan zuwa WebP, tsarin hoto marar nauyi, kada na ƙasa su buɗe sai an gangaro gare su. Shafi ne mai hotuna da yawa, in ya yi nauyi mutum zai rufe kafin fuskar kare ta farko ta bayyana.

Abin da ya fi kashe irin wannan shafi shi ne tsohon labari. Mutum ya ga kare, ya nuna wa iyalinsa, yara sun raɗa masa suna, ya cika fom, sai a ce masa ai an ba da shi tun makon jiya. Ba zai sake dawowa ba. Ma'aikatan gidan kuwa hannunsu a cike yake da wanke keji da kai dabbobi wurin likita, ba su da lokacin shiga wani ruɗaɗɗen allo. Yi musu hanyar sauya matsayin kare da dannawa ɗaya daga wayarsu: yana nan, an yi magana a kansa, ya sami gida. Su ma masu amfani da shafin ne, kuma su ne za su buɗe shi kullum.

Yanzu mu koma kan maɓallinka. A madadinsa ka sa "Nemi ganawa da shi". Fom ɗin farko gajere: suna, hanyar tuntuɓa, da amsoshin da mutum ya riga ya bayar wajen tacewa, kada a sake tambayarsa su. Katin shaida da takardar yardar mai gida su jira sai an yi magana da shi, kuma abin da ba a bukata kada a karɓa, domin duk bayanin mutum da ka ajiye amana ce a wuyanka. Kafin ya tura, nuna masa matakan da ke gaba da kwanakin da zai jira amsa, da irin ɗawainiyar da ke tafe ta abinci, allurai da likita. Kuɗin riƙo ma a rubuta shi tare da abin da ya ƙunsa. Ka ga bincike mun yi masa shi da sauƙi, ɗaukar alkawari ne kawai muka sa wa ɗan jinkiri, kuma ba mu ɓoye masa dalili ba.

In ka gama gyaran, kada ka kawo mini tukuna. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafuka, ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan matsalolin shafi. Nemo biyar masu zama a gidan haya, aƙalla ɗaya dattijo, ɗaya mai ƙananan yara. Ba kowannensu wayarsa, ka ce ya nemo karen da zai iya zama da shi. Kai kuma ka zauna gefe ka kame bakinka, ko ka ga ya ɓata hanya kada ka nuna masa. Rubuta duk inda yatsansa ya tsaya yana jujjuyawa, da duk tambayar da ya yi da baki wadda ya kamata shafin ya amsa. Wannan takardar za ka kawo mini, daga ita za mu san abin da za a fara gyarawa.