Sanyin zuciya bayan taron farkawa

'Yar'uwa, kin ce duk lokacin taron farkawa zuciyarki takan yi zafi, amma kafin mako ya zagayo addu'a ta zame miki nauyi, har kina tsoron ko bangaskiyarki ce ta mutu.

Ba ta mutu ba. Da ta mutu, ai da ba ki damu ba. Dubi annabi Iliya a 1 Sarakuna 18 da 19: wuta ta sauko a Dutsen Karmel a gabansa, amma ba a jima ba ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai fara da wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya ci ya sāke kwanciya. Sai daga baya Allah ya yi masa magana a Dutsen Horeb. Don haka ki fara duba jikinki, gajiya takan sa mutum ya ɗauka Ubangiji ya yi nisa.

Sannan ki binciki zuciyarki, ko akwai zunubin da kike ɓoyewa ko wanda kika ƙi yafe wa. Zabura 51 za ta taimake ki a nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne yawon taro ana farautar hawaye. Gara ɗan karatu da addu'a kowace safiya, da zumunci da masu bi, maimakon dogon azumin da za ki bari a tsakiya.

In kuwa makonni sun wuce ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranki, ki sami fastonki, ki kuma ga likita a duba ko ciwon damuwa ne.