Tambaya da Amsa: Wace mota ce za ta jure Zariya zuwa Kaduna kullum?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, iyalina suna Samaru a Zariya, kuma an mayar da ni aiki Kaduna. Kuɗin hayar gida a can ya fi ƙarfina, ga mahaifiyata ta manyanta ba na son yin nisa da ita, saboda haka wata bakwai ke nan ina bin motar haya daga Kwangila zuwa Kawo kullum. Yanzu na sayar da wani fili, na haɗa da kwasar adashi, ina so in sayi mota ta hannu. Dillali ya nuna mini guda uku: Toyota Camry ƙirar 2008, da Toyota Corolla ƙirar 2006, da Peugeot 406. Camry ce ta kwanta mini a rai, kuma kuɗinta bai ɗara na Corolla sosai ba, ita kuwa Peugeot ta fi su araha. Wacce ce ba za ta cinye mini albashi ba?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa kula da mahaifiya, ya kuma sa albarka a cikin wannan niyya.

Kafin mu kai ga motocin, ka ɗauki alƙalami mu auna hanyar, domin ita ce za ta yi maka zaɓin. Tsakanin Zariya da Kaduna akwai kimanin kilomita 80, ban da abin da za ka ƙara daga Samaru zuwa Kwangila da kuma daga Kawo zuwa ofis. Zuwa da dawowa kilomita 160 ke nan a ƙalla, a kwanakin aiki 22 kuwa sun zama 3,520, a shekara sun haura 40,000. Wanda yake yawon cikin gari, daga gida zuwa kasuwa da makarantar yara, yakan shafe shekara uku ko huɗu kafin ya yi wannan tafiyar, saboda haka shawarar da abokai masu motar cikin gari za su ba ka ba lallai ta dace da kai ba.

Motar da take yin kilomita 13 da lita ɗaya za ta sha kimanin lita 270 a wata a kan wannan hanya, wadda take yin kilomita 9 kuwa za ta sha kusan lita 390. Idan muka ɗauki lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, bambancin ya kai naira 120,000 duk wata. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, kuma a wancan zamanin mutum yana iya sayen mota don kyanta ya bar lissafin tanki daga baya. Yau kuwa a shekara biyu ko uku kuɗin man da za ka zuba mata zai iya kamo kuɗin da ka saye ta.

Da wannan ma'aunin, Corolla nake ba ka shawara, matuƙar an duba an tabbatar da lafiyarta. Injinta mai lita 1.8 ne, ana kiransa 1ZZ, kuma idan yana da ƙoshin lafiya yakan ba da kilomita 12 zuwa 14 a lita a kan babban titi. Sarƙa ce take daidaita juyawar sassan cikin injin (abin da ake kira taimin) maimakon bel, wato ba ka da fargabar bel ɗin taimin ya tsinke maka a tsakanin Jaji da Birnin Yero bayan magariba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne, da wuya ka sami garejin da ba a san ta ba, kuma kayan gyaranta, sabo da na hannu, suna nan a Panteka a Kaduna, suna nan a Sabon Garin Zariya, in abu ya gagara akwai Ƙofar Ruwa a Kano. Mai tafiyar kullum ba zai iya ajiye mota mako guda yana jiran a aiko masa da wani ƙarfe daga kasuwar Ladipo ta Legas ba. Illarta ɗaya ce, kowa ya san darajarta, shi ya sa ake tsuga mata kuɗi har ta kusa kamo Camry da ta fi ta girma da ƙuruciya. Amma wannan tsadar za ta dawo maka ranar da za ka sayar. Idan kuma ka ci karo da Toyota Matrix ko Pontiac Vibe masu injin 1.8 na waɗannan shekarun, kada ka raina su, domin injinsu da giyarsu irin na Corolla ne.

Ita Camry da ta kwanta maka a rai, wadda dillalai suke kira "Muscle", ban ga laifinka ba. Tana da faɗi, tana kwanciya a titi, kuma ba ta gajiyar da baya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaman sa'a uku a bayan sitiyari kullum. Sai dai injinta na lita 2.4 ya fi na Corolla shan fetur, kuma ƙirar 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar zoben fistin, har kamfanin da kansa ya amince da hakan ya gyara wa masu ita da dama a Amurka. Mai yawon gari zai iya lallaɓa irin wannan injin yana ƙara masa mai jefi-jefi, amma wanda yake cin kilomita 800 a mako, idan ya yi sakaci sau ɗaya, sai dai ya ji inji ya buga. Ka kuma leƙa ka tabbata ba mai silinda shida ba ce, domin akwai ta da injin lita 3.5, kuma wannan ba ta ma'aikaci mai lissafin albashi ba ce.

Peugeot 406 kuwa 'yar gida ce, an harhaɗa ta da yawa a kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, kuma a daɗin tafiya mai nisa ba ta baya. Mai giyar hannu ba ta da shan mai sosai. Damuwata da ita shekaru ne da tarihi: mafi yawan waɗanda suke kasuwa yanzu sun yi aikin ofis sun gama, sun shiga haya sun fito, wayoyin wutarsu sun sha hannun mutane iri-iri, ga bel ɗin injinta da dole a sauya a kan kari. Idan kana da amintaccen bakanike na Peugeot kuma ka san wanda ya riƙe motar tun farko, ana iya magana. In ba haka ba, ka tuna cewa araha ba ta ado.

Duk da haka, sunan mota ba ya tafiya a titi, lafiyarta ce take tafiya, kuma Camry da aka kula da ita ta fi Corolla da aka wahalar. Ka je da bakanikenka na kanka, ka biya shi ladan dubawa, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Ku je da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi; shuɗin hayaƙi a salansa alamar ƙona baƙin mai ce. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar, fitilun gargaɗi na gaban direba duk su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi, wadda ba ta kama ba tun farko wataƙila an cire ƙwanta ne don a rufe laifi. A jona mata na'urar binciken kwamfuta, a kuma duba ko an cire abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da 'yan gareji suke kira "indomi". A duba ko an cire abin da yake daidaita zafin ruwan inji an haɗa fanka kai tsaye, wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan maganin tafasa, alhali tana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙa'ida. Sannan kada ka yarda da zagayen unguwa kawai. Ka hau da ita babban titi har ta kai gudun kilomita 100, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci, ka ji ko sitiyari yana rawa, ko giya tana fizga, ko allurar zafi tana hawa.

Lambar da ke nuna nisan tafiyar da mota ta yi ba abin dogaro ba ce, domin ana mayar da ita baya, kuma a motocin da aka shigo da su daga Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil kuwa kilomita 1.6 ne. Ka fi gaskata cinyewar robar birki da sitiyari da kujerar direba. Ka daidaita lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da wadda ke cikin takardu, ka tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu kafin kuɗi su bar hannunka, ku kuma rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, a yi canjin mallaka.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan motar, ya koma gida aljihu wayam. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka don makon farko: juyen mai, fulogi, matatar iska, birki, ruwan lagireto, inshorar da doka ta wajabta wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, da kuma tayoyi. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 yana nufin mako na 23 a shekarar 2021, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu ba wurin yin tattali ba ne. Ka kuma sani cewa idan kana juye baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, kai kusan duk mako shida juyen zai zagayo maka.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma amana ta sa in faɗa. Ko da Corolla ce, lita 12 a rana kai kaɗai a cikin mota zai iya fin kuɗin motar hayar da kake biya yanzu, saboda haka ka kwatanta su biyun tun kafin ka biya dillali. Abin da motar za ta saya maka shi ne lokaci da natsuwa, da damar kai Hajiya asibiti cikin dare idan buƙata ta taso. Sauƙin aljihu kuwa yana cikin kujeru ukun nan da ba kowa. Ma'aikatan da suke kwana Zariya su yi aiki Kaduna suna da yawa, ka nemi biyu ko uku da ka sani ka kuma amince da su, waɗanda lokacin tashinku ya zo ɗaya, ku yi karo-karon kuɗin mai a farkon kowane wata, ba kullum a bakin famfo ba, don kada zumunci ya ɓaci. Ranar da gyangyaɗi ya kama ka a Kwanar Farakwai bayan doguwar ranar aiki, za ka sami mai karɓar tuƙi, ko aƙalla mai yi maka hira har ku shiga Ɗan Magaji.